Gishiri "mai ƙin ruwa": suna ne da ke ɓatar da ɗalibi

Duk wanda ya kurɓi ruwan In Salah, wanda ake turowa Tamanrasset ta bututu tun 2011, ya san gishiri kan sauya ɗanɗanon ruwa. Sauyin kuwa bai tsaya a harshe ba, yana kaiwa ga yadda ƙwayoyin ruwa ke riƙe juna.

Akwai wani nau'in gishiri da ake fassara sunansa da "mai ƙin ruwa". Ban gamsu da wannan fassara ba, domin tetirabutil-amoniyam buromaid, alal misali, narkewa yake yi sarai. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayarsa na da rassa huɗu masu ɗabi'ar maiƙo. Ruwa ba ya iya ƙulla zumunci da su, sai ya kewaye su kamar keji, motsinsa ya ragu. Frank da Evans sun kamanta irin wannan kewayen da ƙanƙara a 1945. Kamancen ya ɗan yi yawa, amma ba banza ba ne. Gishirin miya hana ruwa daskarewa yake yi, wannan kuwa, idan ya yawaita, kan daskarar da shi a wajen digiri 12.

Ɗalibin da aka ce wa "ƙi" zai zaci tashi yake yi sama kamar man gyaɗa. Na fi son "gishiri mai rigar maiƙo".