Wake Ba Abincin Kunya Ba Ne

Mu malamai mukan san abin da ke cikin tukunyar gida ko ba mu leƙa ba. Yaron da ya fito da ruwan koko kaɗai a cikinsa, kafin ƙarfe goma sha ɗaya kansa ya riga ya kwanta a kan tebur. Wasu sukan ce lalaci ne, amma yunwa ce. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan hali, gama albashin malami yakan ƙare tun wata bai yi kwana ashirin ba.

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau, kayan abinci suka bi bayansa. A 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce naira 70,000, wato ya fi mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli na shekarar. Wasunmu muna yara lokacin da iyayenmu suka sha irin wannan a zamanin SAP na Janar Babangida, daga 1986.

Abin da ya dame mu shi ne irin abin da muke ragewa. Idan kuɗi ya gaza, wake da gyaɗa da busasshen kifi su ne suke fara fita daga tukunya, amma shinkafa da taliya da burodi suna nan, don kada maƙwabta su ce gidan wane ya koma tuwon dawa. Wannan babban kuskure ne. Hatsi yana cika ciki yana ba da ƙarfi, amma abin da ke gina jiki a cikin masara bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. A wake ya haura kashi 20, a waken suya kuwa ya kusa 40. Kuma abin da hatsi ya rasa wake yana da shi, abin da wake ya rasa hatsi yana da shi, shi ya sa haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai. Kakanninmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun bar mana ɗanwake, da fate da wake, da kunun gyaɗa, da kosai da koko. Kwano ɗaya na waken suya zai ba da awara da madara ga yara, dusarsa ma ta shiga garin tuwo. Kuka, kuɓewa, rama, zogale da daddawa kuwa, wa ya ce miyar talaka ce? Ko a bayan ɗaki za a iya shuka zogale.

Wani zai ce, ai waken ma ya yi tsada. Gaskiya ne, musamman ga mai sayen gwangwani ɗaya kullum a tsakiyar damina. Da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, farashi yakan sauko, sai dai daidai lokacin ne muke zuba kuɗi a kan ɗinkin Kirsimeti. Da, tsoron ƙwari ne yake hana mu ajiya, har wasu suna zuba maganin da ke cutar da mai ci. Yanzu akwai buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. Idan wake ya bushe sosai, aka ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da magani ba.

Gida ɗaya ba lallai ya iya sayen buhu ba, amma gida huɗu ko biyar za su iya. Zumuntar Mata ta saba da adashi. Muna roƙonsu su sa kwasar ta faɗo a kaka, a tura mutum biyu kasuwar ƙauye, a dawo a raba da mudu. Ku kuma ɗalibai, in kun je hutu, ku nuna wa Mama wannan shafi, ku kuma taya ta tsince waken.