A Bar Rozi Ya Huta, Ga Kariya Nan

Wanda ya gama gini a Kano ko Katsina, aka rage masa ɗan fili a tsakar gida, abin da ke fara zo masa a rai shi ne rozi da koriyar ciyawa irin ta gidan gwamnati. Sai ya kwaso dashe a leda daga bakin titi. Kafin Afrilu ya fita, zafi ya haura digiri 40, duk sun ƙone, shi kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da hannun shuka. Hannunsa lafiya lau. Rozi a Jos yake jin daɗi, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200 kuma dare ke da sanyi. Mu da muke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, ina ruwanmu da furen da kullum yake kukan ƙishi?

Ni dai a wurina sabon mai lambu da kariya ya kamata ya fara. Ita ce masana tsirrai ke kira Adenium obesum, kuma 'yar ƙasar nan ce, tana fitowa da kanta a yankin Sahel. Gindinta mai kauri rumbun ruwa ne, shi ya sa tsakiyar rani, lokacin da ganye ya kaɗe, ƙura ta rufe komai, sai ka gan ta ɗauke da jajayen furanni kamar amarya a gidan makoki. A Tailan an mai da ita sana'a, ana haɗa irinta ana fitar da launuka iri-iri ana sayarwa ƙasashen waje. Mu kuwa muna wuce ta a bakin ƙauye ko kallo ba ta ishe mu ba, don kawai ba daga Turai ta zo ba.

Dashenta ba wuya. Ka yanko reshe, ka ajiye a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe, ka soka shi cikin yashi da aka gauraya da ɗan takin akuya ruɓaɓɓe. Abin da ke kashe ta shi ne yawan kulawa: in kana ba ta ruwa safe da yamma, saiwar za ta ruɓe. Sai dai a kiyaye, ƙaronta dafi ne, maharba sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko akuya a sake, a ɗora ta inda ba a isa gare ta.

Bayan ita sai furen ƙarfe goma, wato fotulaka, ɗan uwan fasa-ƙaba da muke cirewa a gona. Daga Kudancin Amurka ya zo. Tsinko shi kawai ka dasa, ya kama. Yana buɗewa da hantsi, ya rufe in rana ta yi sanyi. Ga kuma feriwinkil na Madagaska, fari ko ruwan hoda, wanda ke fure kusan duk shekara ya kuma zubar da iri da kansa. Daga cikinsa aka samo magungunan sankarar jini a shekarun 1950, amma wannan ba izinin dafa shi a sha ba ne, shi ma yana da guba.

Wanda na fi so wa ma'aikaci shi ne furen ƙarfe huɗu, Mirabilis jalapa. Mutumin da ya wuni a kasuwa ko ofis ba ya ganin furen hantsi. Wannan kuwa sai bayan la'asar yake buɗewa, ƙamshinsa ya kai har dare, daidai lokacin da aka shimfiɗa tabarma. Yana da saiwa mai kauri a ƙasa, ko ya bushe da rani, damina na sauka zai tofo.

Kada a ce sai an sayi tukunyar roba mai tsada. Randar da ta tsage ko bokitin fenti sun isa, muddin an huda gindin don ruwa ya riƙa fita. Ruwan alwala da ake zubarwa sau biyar a rana, in aka tara shi a baho, zai shayar da tukwane da dama, sai dai kada a haɗa da ruwan wanki mai omo.