Kwanakin da Babu Tudu

A kowace shekara, idan hunturu ya sauka a ƙasashen Turai da Amurka, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi, rana ta riƙa faɗuwa tun mutane ba su tashi daga aiki ba, masu hali daga cikinsu sukan tattara komatsansu su shiga manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, wasu daga Mayami zuwa tsibiran Karibiyan inda rana take, wasu kuwa su ratsa tekun Atilantika a jirgin Queen Mary 2, wanda yakan kwana bakwai tsakanin Ingila da Niyok. A cikin irin wannan safara akwai ranakun da jirgi ba ya tsayawa a kowace gaɓa, duk inda mutum ya waiga ruwa ne da sama, kuma abin mamaki shi ne waɗannan ranaku su ne suka fi tayar wa matafiyan hankali, har kamfanoni sukan buga jadawali kullum, su cika shi da lacca da rawa da caca da gasar kacici-kacici, don kada wanda ya biya maƙudan kuɗi neman faraga ya wayi gari ya same ta.

Mai karatu zai ce mene ne haɗin mutumin Birnin Gwari da teku, alhali babban ruwan da ya sani bai wuce kogin Mariga da madatsar Bagoma ba. Amsa ita ce mu ma muna da namu tekun, sai dai na itatuwa ne, tun daga dajin Kamuku har ya haɗe da Kuyambana ta wajen Zamfara; kuma a shekarun da 'yan bindiga suka mallake hanyar Kaduna, tafiyar da ba ta wuce kilomita 120 da 'yan kai ba ta zama sai an tara motoci, an jira rakiyar sojoji, a bi ta Udawa da Buruku kowa bakinsa ɗauke da addu'a. Wanda ya yi wannan jira ya san ranar da babu tudu, ko da kuwa bai taɓa ganin kwale-kwale ba.

Ina tuna wata safiya a ƙarshen shekarar 2021, a cikin watannin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka yanke layukan waya a yankinmu saboda sha'anin tsaro. Sanyi ya fara shigowa, hazo ya lulluɓe gari, muna zaune a tasha tun bayan asuba babu wanda ya san sa'ar tashi. Samari suna ta kai da kawo, kowa ya ɗaga wayarsa sama yana neman sabis kamar mai duban wata, alhali ya san babu, ya mayar aljihu, jim kaɗan ya sake zarowa. A gefen mai shayi kuwa wasu dattawa biyu sun share ƙasa da tafin hannu, sun haƙa gurbi talatin, ɗaya ya kakkarya tsinke goma sha biyu, ɗaya ya tsinto tsakuwa, suka dasa dara. Na uku yana jingine da tayar mota, ya ɗora hula a gwiwa yana ɗinki, leɓɓansa suna motsi da tilawa, ba ya ɗaga kai sai in an ci wani ya yi murmushi. Da hantsi ya dubi ludayi na tambaye shi, "Baba, ba ka gaji ba?" Ya ce, "Ɗana, saura izu biyu in kai inda na yi niyya, in sun ƙara jinkiri ma ba su cuce ni ba."

Wannan dattijo magajin wani ilmi ne da kakanninmu suka ƙware a kansa, wato ilmin zaman zango. Ƙasar nan tun asali hanya ce; ta nan Bature Kilafatan ya bi a 1826 ya yada zango a tsohon birni kan hanyarsa ta zuwa Zariya da Kano, kuma ta wannan sashe ayarin fatake suke gangarawa su ƙetare Kwara su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar da takan ci watanni masu yawa. Ba kullum ake tafiya ba. Wata rana kogi ya cika, wata rana jakai sun gaji, wata rana madugu yana can yana daidaitawa da sarkin gari a kan fito, sai a kwana uku ko bakwai a wuri guda. Ba a ji sun mutu da kewa ba, domin kowa ya san abin da ranar zama ta ajiye masa: mai goro ya kwance huhu ya tsince ruɓaɓɓe ya yayyafa ruwa, mai jaki ya gyara akumari, malamin ayari ya buɗe gafaka ya biya wa na ƙasa da shi karatu, da dare kuma a kewaye wuta a yi ta hikayoyin garuruwa, har yaron da bai taɓa wuce ƙofar gari ba ya haddace sunayen zangogi daga Kano zuwa Salaga. Da yawa daga fatake a hanya suka koyi harsunan da suka ci abinci da su har ƙarshen rayuwarsu.

Tekun na gaske ma ba baƙonmu ba ne. Alhazan da suka bi ƙasa ta Sudan sun ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a 1921 ya je Ingila da Makka. Sojojinmu na Yaƙin Duniya na Biyu sun yi makonni a kan ruwa kafin su sauka Indiya su wuce Bama. Abubakar Imam kuwa, haifaffen Kagara maƙwabciyarmu, ya je Ingila a 1943 ana tsakiyar yaƙi, ya komo da abin da ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mumini a jirgi ba ya rasa abin yi, tun da salloli biyar sun riga sun yanka masa yini gida-gida, ga neman alƙibla duk sa'ad da jirgi ya karkata, ga mas'alar ƙasaru da malamai za su yi ta muhawara a kanta har a kira magariba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba yabon jiran da aka ɗora mana nake yi ba, domin akwai bambanci mai girma tsakanin attajirin da ya sayi faragarsa da mai naƙudar da ta kwana a tasha tana jiran a buɗe hanyar asibiti, kuma duk wanda ya ce wa talaka ya yi haƙuri alhali haƙƙin tsare hanya yana wuyansa, ya ɗauki kalmar gaskiya ya yi zalunci da ita. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga a watan Nuwamba na 2024, Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe karar shanu bayan shekaru tana rufe, motoci suka koma bin hanya, muna roƙon Allah ya dawwamar da hakan. Amma jira bai ƙare ba, kuma ba zai ƙare ba: akwai shi a sansanin alhazai, akwai shi a layin asibiti, akwai shi duk ranar da babbar mota ta faɗi ta tare titi.

Abin da nake gani shi ne mun miƙa wa waya dukkan amanar ɗebe mana kewa, har muka bar ɗaukar kowane guzuri sai na ciki, ga shi kuwa mu mutanen Birnin Gwari mun riga kowa sanin cewa ana iya ɗauke sabis da umarni guda. Ni dai tun daga waccan safiya ba na fita sai da ƙaramin littafi a aljihun gaba da allura da zare a jaka, ko da yake har yanzu hular da na fara ba ta wuce rabi ba, kuma dattawan tasha sun cinye ni a dara sau huɗu kafin a kira fasinjojin Kaduna.