Sharhi: Aron suna ba ya kare dukiyar ɗan ci-rani

Daga Kotonu zuwa Lome da Abidjan, ƴan Nijar da dama na juya dukiya a shagunan da takardunsu ke ɗauke da sunan wani ɗan ƙasa. Ana yin haka ne don kauce wa zirga-zirgar ofis. Amma ranar da aka ɓata, ko mai dukiya ya rasu, takarda alƙali zai duba. Magada a Maraɗi ko Tawa sai su tashi a tutar babu.

Alhali doka ta buɗe ƙofa. Nijar, Benin, Togo da Cote d'Ivoire na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, masu aiki da dokar kamfanoni iri ɗaya. A ƙarƙashinta, baƙo na iya kafa kamfanin SARL da sunansa, ko da shi kaɗai ne. Tun gyaran 2014, kowace ƙasa na da ikon sauke mafi ƙarancin jari daga miliyan 1 na sefa. Mai kafawa zai rubuta ƙa'idojin kamfani, ya ajiye jari, ya yi rajista a kundin kasuwanci na RCCM, ya karɓi lambar haraji.

Idan kamfanin ya karye, jarin da aka zuba ne ke tafiya, gida da gona su tsira, sai fa in mutum ya tsaya wa bashin banki da kansa ko ya yi almundahana. Sai dai rajista na jawo haraji da lissafin shekara, kuma ba ta zama katin zama ba. Ghana kuwa ba ta cikin OHADA: dokarta ta 2013 ta ɗora wa baƙo mai saye da sayarwa jarin dala miliyan 1.

Lokaci ma ya sauya. Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ƴancin zama da kasuwanci da ƙungiyar ta bar wa ƴan ƙasar na wucin gadi ne. Mai kamfani da sunansa ya fi mai aro madogara.

Ya kamata ofisoshin jakadancin Nijar da ƙungiyoyin ƴan ƙasa mazauna waje su riƙa bayyana waɗannan matakai da Hausa da Zabarmanci. Ɗan kasuwa kuma ya nemi lauya ko noter tun ana zaman lafiya da wanda ya ara masa suna.