Me ya sa ake zana taswirar ƙwaƙwalwa kafin a cire ƙari?

 Wata mai bibiyar wannan shafi ce ta aiko da tambaya a kan maigidanta, wanda tela ne. Ta ce abin ya fara ne da fizgar yatsun hannunsa na dama, yana cikin ɗinki sai su riƙa motsi da kansu na ɗan lokaci su daina. Aka yi ta maganin iska wata da watanni, sai da almakashi ya fara suɓuce masa sannan aka je asibiti, hoto ya nuna ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Yanzu an yanke shawarar tiyata, amma likita ya ce sai an sake wani hoton, wanda za a sa shi ya riƙa motsa yatsu yana cikin na'ura. Tambayarta ita ce: tunda an riga an ga ƙarin, wannan hoto na biyu na mene ne, ko dai ƙarin kashe kuɗi ne kawai? Kuma ta yaya ciwo yana dama ƙari yana hagu?

Bari mu fara da ta ƙarshen don ta fi sauƙi. Jijiyoyin da ke ɗauko umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa suna gittawa ne a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara laka, don haka ɓangaren hagu ne ke juya hannu da ƙafar dama, na dama kuma ke juya na hagu. Babu kuskure a hoton.

Shi kuwa hoto na biyu, ku ɗauki misalin mai haƙa kwalbati a tsakiyar unguwa. Ya san inda zai haƙa, amma idan bai san ta inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi a ƙarƙashin ƙasa ba, yana iya gama aikinsa tsaf ya bar unguwa ba ruwa ba wuta. Hoton MRI na farko yana nuna wa likita inda ƙari yake da girmansa. Ba ya nuna masa aikin da naman da ke kewaye da shi yake yi. A ido kuwa, wurin da ke motsa babban yatsa da wurin da za a iya yankewa ba tare da wata illa ba duk kamarsu ɗaya.

Akwai wani ziri a kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa da ya taso daga tsakiyar kai ya gangaro wajen kunne, shi ne ke ba da umarnin motsi. Ƙafa tana can sama, hannu a tsakiya, fuska da leɓe da harshe a ƙasa. A shekarar 1937 wani likitan tiyata mai suna Wilder Penfield, da ke aiki a birnin Montreal na Kanada, tare da abokin aikinsa Edwin Boldrey, suka wallafa taswirar wannan ziri. Sun samo ta ne ta hanyar taɓa saman ƙwaƙwalwar marasa lafiya da ɗan ƙanƙanin lantarki a lokacin tiyata, suna lura da gaɓar da ta motsa. Abin da ke burge ni a taswirar shi ne hannu da baki sun cinye fili fiye da gangar jiki gaba ɗaya, saboda aikinsu ya fi buƙatar ƙwarewa.

To tunda akwai taswira tun 1937, me ya sa ba za a duba littafi kawai ba? Saboda ƙari yana ture maƙwabtansa. Yana iya matsar da wurin hannu gaba ko baya, kumburi kuma ya shafe alamomin da likita ya saba gane hanya da su. Idan ƙarin mai girma a hankali ne, na shekaru, wani lokacin ƙwaƙwalwa kan mayar da wani sashe na aikin zuwa gefe. Kowane mara lafiya da tasa taswirar.

Hoton da ake kira fMRI shi ke zana ta. Tushensa binciken wani masani ne ɗan Japan, Seiji Ogawa, wanda ya nuna a 1990 a Amurka cewa jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ya riga ya sauke ta ba sa fitowa iri ɗaya a na'urar maganaɗisu. Duk wurin da ya kama aiki a ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙa kamar biyar sabon jini yake tururuwa zuwa can, kamar yadda motocin kaya ke nufar kasuwar da ke ci. Sai a ce wa mara lafiya ya riƙa taɓa yatsunsa da babban yatsa na daƙiƙa 20 ko 30, ya huta, ya sake, haka sau da yawa. Daga nan a koma yatsun ƙafa, sai leɓe ko harshe. Kwamfuta ta kwatanta lokacin motsi da lokacin hutu, ta shafa launi a wuraren da jini ya ƙaru. Sau da yawa akan haɗa da wani hoton da ke bin sawun jijiyoyin da suka gangara ciki, don yanke waya a ƙasa daidai yake da lalata makunni a sama.

Ba a yanka, ba zafi, kuma babu tururin da ke cikin hoton ƙashi. Sai dai ƙara mai yawa da zaman cikin rami, ga sharaɗin kada kai ya motsa, don motsin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba yana iya ɓata aikin. Wanda ke da ƙarfe a jiki ko na'urar daidaita bugun zuciya ya faɗa tun kafin ya shiga ɗakin. Kuma a nan iyali ke da rawar takawa. Idan mara lafiya ba ya jin Turanci sosai, ku nemi a yi masa bayani da Hausa, a gwada motsin a waje har ya kama. Na fi damuwa da dattijon da zai ce "to" don kunya alhali bai gane ba, ya shiga ya motsa hannun da ba shi aka ce ba.

Da wannan taswira likita ke yanke shawarar ta inda zai shiga, nawa zai iya cirewa, da abin da zai faɗa wa iyali tsakani da Allah game da haɗarin shanyewar hannu ko ƙafa. A yawancin ire-iren ƙari, gwargwadon abin da aka cire gwargwadon amfanin da ake samu, amma tela da aka cire masa ƙari tas ya tashi da mataccen hannu shi ma an taɓa rayuwarsa. Wani lokacin da gangan ake barin ɗan ɓangare, a bi shi da gashin haske ko magani.

Kada kuma a ɗauki hoton kamar ba ya kuskure. Jini yake gani, ba aikin jijiya kai tsaye ba, kuma ƙari mai tsanani yakan lalata jijiyoyin jinin da ke kusa da shi, sai wuri mai aiki ya fito shiru kamar ba komai. Ban da haka, da zarar an buɗe ƙoƙon kai ƙwaƙwalwa takan ɗan gusa. Shi ya sa har gobe likitoci ke tabbatarwa da dabarar Penfield a ɗakin tiyata, wani lokacin ma mara lafiya yana farke, tunda naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi, fata da abin da ya lulluɓe ta ake kashewa da allura. A farkon 2020, a asibitin King's College da ke Landan, an tashi wata mata tsakiyar tiyata ta riƙa kaɗa goge irin na Turawa, likitoci suna cire ƙari suna sauraro don kada su taɓa wurin da ke juya hannunta na hagu.

Ba kowace na'urar MRI ce ke yin wannan hoto ba. Ana buƙatar mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, da manhajar aikin, da wanda ya iya fassara sakamakon. Don haka kafin ku biya kuɗi a kowace cibiya, ku tambaya ko suna yin fMRI ɗin kansa, kuma likitan tiyatar ya rubuta gaɓoɓin da yake so a gwada. Idan ba a samu ba, ku tambaye shi ko zai gwada da lantarki a lokacin aikin.

Ga mai tambaya kuma, ki san cewa rauni a hannu ko ƙafa a kwanakin farko bayan tiyata ba lallai ne ya zama na dindindin ba. Kumburi yakan jawo shi, kuma akwai wani wuri gaba kaɗan da zirin motsi wanda idan aka taɓa shi ɓarin jiki kan yi sanyi na kwanaki ko makonni sannan ya dawo. Ki tambayi likita tun yanzu yaushe maigidan zai fara zuwa sashen motsa gaɓoɓi, kuma kada ya bar maganin farfaɗiyar da aka ba shi ko da fizgar ta tsaya.