Daso Ba Muguwa Ba Ce, Madubi Ce

Ranar 9 ga Afrilu 2024, jajiberin ƙaramar Sallah, ina zaune gidan kitso aka shigo da labarin rasuwar Hajiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso. Ana ta salati, sai wata ta taɓe baki ta ce wai, "Ai yau ta je ta tarar da muguntar da ta shuka." Wallahi sai da na ture hannun mai kitso na juyo.

Haba baiwar Allah! Wace mugunta? Tun fim ɗin Linzami Da Wuta a shekarar 2000, matar nan take fitowa a masifaffiya, yau azzalumar kishiya, gobe fitinanniyar uwar miji. Labari aka rubuta aka ba ta, ta hau kai ta yi sana'arta. Ni ma nan da alƙalamina na sha ƙirƙiro matar uba mai hana marayu abinci, shin ni ce na hana su?

Gaskiya ɗaya ce, ta iya ne har muka manta wasa take. Kuma halin da ta kwaikwaya ba daga sama ya faɗo ba, a tsakar gidajenmu ta tsince shi. Idan kin ji haushin Daso, 'yar uwa, duba yadda kike riƙon ɗan kishiyarki da 'yar aikinki tukuna.

Mu iya bakinmu a kan mamaci. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, amin.