GIGIN TSUFA CIWO NE, BA MAITA BA CE

Duk lokacin da aka tayar da zancen gidajen kula da tsofaffi, sai a ji wasu sun zabura suna kumfar baki, wai wannan al'adar Turawa ce, wai Musulmi ba ya kai uwarsa gidan gajiyayyu. Madalla! Magana ce mai daɗin ji a bainar jama'a. To amma a bi wani daga cikin masu wannan magana zuwa gidansa, a wuce zaure, a je can ƙuryar gida kusa da turken awaki. Nan za a tarar da gyatumarsa an garƙame ta da kwaɗo, wani lokaci har da igiya a ƙafa. Laifinta? Tana fita ta kasa gane hanyar gida, tana kiran jikanta da sunan mijinta da ya daɗe a kabari, tana kukan an sace mata kuɗi alhali ita ta tura su ƙarƙashin tabarma. Wannan ce biyayyar iyayen da ake tinƙaho da ita?

Ya kamata jama'a su sani, abin da ake kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ƙoda ko na hanta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa sannu a hankali, su tafi da tunani, da magana, har da sanin lokacin kewayawa. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wani kuma toshewar jijiyoyin jini ke kawo shi, abin da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suke share wa hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashen da ba masu arziki ba. Tun kafin likitoci, Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, na mutumin da tsufa ke kai shi ga rasa sanin abin da ya sani a da.

Amma jahilci ya ƙi ji. Da tsohuwa ta fara sambatu da dare, sai a ce ta fara tonon asirin kurwar da ta ci. A 2020, a garin Kafaba na arewacin Ghana, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta da rana tsaka, bisa zargin maita, mutane na tsaye suna kallo. Kada wani ya ce can ne. A nan ma tsofaffi nawa yara suka bi da jifa? Su kuwa bokaye da 'yan tsibbu kasuwa ta buɗe: yau baƙin bunsuru, gobe turaren aljanu, har gonar gado ta salwanta, ciwo na nan inda yake.

Sannan wa ke ɗauke da wahalar? Ba mai kumfar bakin ba ne. Shi da asuba ya saɓa babbar riga ya fice, sai bayan isha'i. Matarsa ce, ko wata ƙanwarsa da aure ya mutu, ke wanke najasa, ke ba da abinci a baki, ke kwana ido biyu kada tsohuwa ta faɗa rijiya ko ta taɓa murhu, shekara biyar, shekara goma, ba hutu ba godiya. Ran da gajiya ta sa ta ɗaga murya, dangin da ba su taɓa wanke zane ɗaya ba su ne za su taru su kira ta marar imani. Alhali umarnin kyautata wa iyaye idan tsufa ya cim musu, a Suratul Isra'i aya ta 23 da ta 24, a wuyan ɗa yake tun farko, ba a wuyan suruka ba. Kaico!

Masu cewa wurin jinya na musamman baƙon abu ne ga Musulunci, su koma tarihi. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a birnin Alƙahira da dukiyar waƙafi, har da sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa, ana jinya kyauta. Ba wanda ke kiran a kwashe iyaye a zubar a wani gida a manta da su. Wannan zalunci ne, ko a Turai ko a Kano. Gidan ɗa shi ne wurin uwa. Amma tsohon da ba shi da kowa fa? Da wanda ciwonsa ya fi ƙarfin mutanen gida? Barinsa yana yawo a kasuwa tsirara shi ne Sunna?

Gwamnati ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2021, an kuma sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023. A tambayi matar da ke ƙuryar gida ko labarin ya iso gare ta. Don haka aiki ya dawo kan al'umma.

Limamai su hau mumbari su faɗa ƙarara cewa wannan ciwo ne, kuma wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kada a doke shi don ya ɓata salla ko ya sha ruwa da azumi. 'Ya'ya su raba kwana da kuɗi tsakaninsu, maza su ma su zauna jinya. A kai marar lafiya asibiti tun da wuri, irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, domin ko da ba a warkar da ciwon ba, ana rage wahalarsa, kuma wata mantuwar tana da sababin da ake magancewa. A sa masa takarda mai lambar waya a aljihu. 'Yan agaji da 'yan uwa mata na Islamiyya su riƙa karɓar mai jinya ko da wuni ɗaya a mako, ta samu barci. Masu hali kuma, maimakon gasar tayil da hasumiya, su tsayar da waƙafi na wurin yini da jinya kusa da masallaci.

Wanda ya ɗaure uwarsa yau, ya tuna 'ya'yansa na kallon yadda ake ƙulla igiyar. Allah Ya sa a gane, Ya ba masu jinya lada, Ya kyautata ƙarshe. Wassalam.